Batir Huɗu da Muryar Kambai

"Mama, mutumin nan na cikin akwati, ba ya jin yunwa ne?"

Liyatu ta yi firgigit ta danna maɓalli, muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Ba ta ji shigowar Alice ba. Yarinyar na tsaye a bakin labule, ƙafafu futu-futu da ƙasa, rabin mangwaro a hannu.

"Wa ya ce miki da mutum a ciki?"

"Ina jin shi mana. Kullum sai ya ce Liyatu, Liyatu. Ke kuma ko tuwo ba kya ba shi, sai kuka kike yi masa." Ta matso ta leƙa 'yar tagar rakodar inda zaren kaset ke naɗe. "Shi ne zai zama babana?"

Liyatu ta jawo ta jikinta, ta goge mata baki da gefen zani. Amsar ba a hannunta take ba. Tana hannun surukinta, Baba Shekwolo, kuma sai gobe Lahadi, in an taso daga sujada, za a ji ta.

Shekara uku ke nan da aka aiko da akwatin kayan mijinta Yona daga bakin daga, shi kuwa bai dawo ba. Tun daga nan Liyatu ke zaune a gidan surukinta a unguwar Ketaren Gwari ta Minna, tana suyar ƙosai a bakin tashar jirgi, tana renon 'yarta. Kawunta na Paiko, wanda shi kaɗai ya rage mata, ya ce duk abin da Shekwolo ya yanke ya yi masa. Dokar gidan kuwa kowa ya san ta: matar mamaci tana iya fita ta auri wanda ranta ke so, amma abin da ta haifa na gida ne, ba ya bin ta. Sai fa in tsohon gida ya yafe da bakinsa.

Mutum biyu ke neman ta. Akwai Edward, ɗan wan Baba Shekwolo, mai injin niƙa a Barkin Sale. In ta aure shi, Alice ba za ta ko sauya randar shan ruwa ba.

Akwai kuma Kambai.

Kambai Gaiya baƙo ne, mutumin kudancin Zariya, cikin masu kafa turakun wutar lantarki. Wata bakwai ya yi a Minna, aka kwashe su zuwa dajin bayan Mokwa, inda ake jan layi daga Kainji. Ya san Liyatu ba ta yi nisa a makaranta ba, ya kuma san duk wasiƙar da aka rubuta a teburin mai rubutu na ƙofar gidan waya, kafin ta shiga ambulan ta gama zaga unguwa. Shi ya sa ranar da zai tafi ya damƙa mata rakodar da ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida, da kaset guda ɗaya tal. Shi yana aron ta shugaban sansaninsu. Malam Ndako, ma'aikacin jirgi, shi ke kaiwa da kawowa.

Kwana goma sha ɗaya da suka wuce kaset ɗin ya dawo. Gefe ɗaya na Baba ne da dattawa, domin an hana Kambai hutun da zai zo ya nemi aurenta da kansa. Ɗaya gefen nata ne.

"Liyatu," in ji shi a ciki, "ni ne. Ina zaune kan gangar waya, rana ta kusa faɗuwa. Yau wani ya soya mana ƙosai, wallahi da shi za a iya jifan biri." Sai ya yi dariya, dariyar ta sarƙe shi, ya yi tari sau biyu. "Wutar nan da muke ja, wata rana za ta iso ɗakinki, ki daina tsintar wake da fitilar kwalba. Ina so ranar in kasance ni na kunna miki. Amma ki ji ni: batir huɗun nan ki ririta su. Ki saurare ni sau ɗaya, ki rufe, ki bar sauran ƙarfin ga Baba."

Ta yi niyyar bin maganarsa, Allah ya sani. Amma da rana ta take, gida ya watse zuwa gona, sai ɗakin ya yi mata faɗi. Sai ta ce bari ta ji tarin nan kawai. Daga tarin sai dariyar. Daga dariyar sai ta mayar da zare tun farko.

"Gafara dai, masu ɗaki!"

Liyatu ta tura rakodar ƙarƙashin gado da ƙafa. Gwaggo Magdalina ce, ƙanwar Baba Shekwolo, wadda ta reni Yona tun yana jariri. Ta zauna a bakin gado, ta kori Alice waje da cewa ta je ta dubo mata kaji.

"Ba sai kin ɓoye ba, na san yana nan ƙasa," in ji ta. "'Yata, zuwa na yi mu yi magana ta mata. Me Edward ya rasa?"

"Bai rasa komai ba, Gwaggo."

"To? Ga sana'a a hannu. Matan unguwa sun ajiye dutsen niƙa saboda shi. Jininmu ne. Da safe ki gan shi, da yamma ki gan shi. Wancan fa? Yau yana kan turke a Mokwa, gobe a ce Jaba, jibi Allah kaɗai ya sani. Mijin da ake kunnawa a kashe, shi ne miji?"

"Ya ce zai nemi a ajiye shi a Minna."

"Ya ce! Yona ma cewa ya yi wata shida zai yi."

Nan idon Liyatu ya kawo ruwa. Gwaggo ta ga ta taɓa inda bai kamata ba, ita ma muryarta ta karye.

"Ni na goya Yona a bayan nan. Abin da ya bar mini a duniya Alice ce. In kin tafi da ita ƙasar da ko yarensu ba mu ji, wa zan kalla in ga goshinsa? In kuma kin tafi kin bar ta, ke ce za ki rayu? Na san ki, ko kasuwa kika je sai kin waiwayo sau uku."

"Ba zan bar ta ba, Gwaggo. Ko da mene ne ba zan bar ta ba." Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. "In Baba ya ce a'a, shi ke nan, na zauna. Amma ki bar ni in gaya miki gaskiya sau ɗaya. Shekara uku ina tashi ina kwanciya kamar tukunyar da aka kife. Ban nemi mutumin nan ba. Ƙosai ya zo saya, ya ga Alice na wasa kusa da kasko, bai ce mini komai ba, washegari ya zo da guntun ragar waya ya kewaye murhun. Tun ranar na kasa fitar da shi daga raina. Laifi ne?"

Gwaggo ta dafa gefen gado.

"Ba laifi ba ne. Wahala ce," ta ce, ta tashi ta fita.

Da ta tabbata ta yi nisa, Liyatu ta jawo rakodar, ta juya kaset zuwa gefen Baba don ta gwada. Sai ta ji muryar ta yi nauyi, tana jan ƙafa kamar mai tafiya cikin taɓo.

Ta yafa gyale ta ruga kantin bakin tasha. Mai kanti ya ce batir ya yanke tun Laraba, sai jirgin kaya ya iso. Ta leƙa wasu biyu, labarin ɗaya ne. Da ta dawo, sai ta yi abin da ta ga masu tocila na yi: washegari kafin a tafi coci ta jera batir huɗun a kan rufin kwano, rana ta gasa su.

Ƙarfe ɗaya aka zauna a gindin mangwaro. Baba Shekwolo na kan kujerarsa, rediyonsa a gefe, lulluɓe da farin ƙyalle. Ranar da Yona ya tafi yaƙi tsohon ya saye ta, kuma har yau ba ya fashin labaran ƙarfe shida, kamar mai jiran a gyara wani suna da aka karanta bisa kuskure. Ko ƙura ba a yarda wani ya kakkaɓe mata ba. Dattawa biyu na dangi na kan tabarma, Gwaggo na bayansu. Edward ya zo cikin farar riga, amma garin dawa na nan maƙale a girarsa.

"Matarmu, ina angon naki?" ya ce yana murmushi. "Au, ga shi nan a hannunki. A ba shi kujera mana, ko a kan tabarma zai zauna?"

Dattawa suka yi dariya. Liyatu ta durƙusa, ta ajiye rakodar a gaban Baba. Baturan har ƙona mata yatsu suke. Ta danna.

"Baba Shekwolo, ina gaisuwa da girmamawa. Ni ne Kambai ɗan Gaiya."

Tas muryar ta fito. Ɗaya daga dattawan ya ja da baya, ya leƙa bayan akwatin. Kambai ya gaida kowa da sunansa, ya ba da haƙurin rashin zuwa. Liyatu ta soma sauke numfashi.

"Maganar Alice kuma, Baba, ina so in yi... maka... alkaaa... waaa..."

Muryar ta narke. Ta koma gurnani, kalma na hawa kan kalma, harshe ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Edward ya buga cinya ya tuntsire.

"Jama'a, kun ji! Daga gidan burkutu ya aiko mana gaisuwa! Ƙwarya ta farko ya gaida mu lafiya, ta uku ta kayar da shi!"

"Ya Yesu," in ji Gwaggo, ta dafe ƙirji.

"Ba haka ba ne, Baba! Batir ne! Kambai ko kunun da ya kwana ba ya sha!"

"Batir ne ke shan giya?" in ji Edward.

Dattijon da ya leƙa bayan akwatin ya girgiza kai. "Ni dai an ce mini abin nan ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da ya ji, shi yake faɗa. Mutum zai yi maganar marainiya, ya yi ta a buge?"

Baba Shekwolo bai yi dariya ba. Fuskarsa ta ɗaure.

"Uwar Alice, ni ma ina da akwati mai magana. In batir ɗinta ya yi sanyi, ƙasa-ƙasa take yi har ta yi shiru. Ban taɓa jin mai karanta labarai na Kaduna ya yi maye a cikinta ba. Kashe abin nan. Na ji abin da zan ji."

Liyatu ta kashe. Ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga ƙofa ko ɗaya a buɗe ba.

Sai ga Alice, wadda aka ce ta zauna a ɗaki, ta ratso tsakiyar manya ta haye cinyar kakanta kamar yadda ta saba.

"Kai, amaryata, sauka, ana magana," in ji tsohon.

"Kaka, ba giya ya sha ba. Gajiya ya yi."

"Wa ya gaya miki?"

"Mama ce ba ta barin shi ya huta. Kullum in kun tafi gona sai ta ce ya yi magana. In ya gama ta ce ya sake. In ya yi tari ta yi dariya, sai kuma ta yi kuka. Ko ruwa ba ta ba shi."

Liyatu ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. A gaban surukinta, uban mijinta, an tone abin da ko ga matashin kanta ba ta faɗa da ƙarfi ba.

"Gaskiya ne?" in ji Baba.

Ta gyaɗa kai, fuska cikin gyale.

"Sau nawa?"

"Kwana goma sha ɗaya, Baba. Kullum. Ya ce sau ɗaya, na kasa." Ta haɗiye kuka. "Rediyonka, murya kawai take kamowa daga iska. Wannan kuwa zare take ja. In ƙarfi ya ƙare sai ta ja shi a hankali, muryar ta bi ta. Ni na cinye ƙarfin. Laifina ne, ba nasa ba."

Tsohon ya dubi rediyonsa. Shi ma ya san abin da ke sa mutum ya zauna kullum a gaban akwati yana jiran murya.

Ya sauke Alice, ya yaye farin ƙyallen, ya kifa rediyon a cinya. Da farcen babban yatsa ya ɓalle murfin baya. Batir huɗu suka gangaro kan tabarma.

"Yaya!" in ji Gwaggo. "Rediyon Yona?"

"Sa masa," ya ce wa Liyatu. "Ba a yanke wa mutum hukunci da rabin magana."

Ta sa, ta mayar da zare baya kaɗan, ta danna.

"Maganar Alice kuma, Baba, ina so in yi maka alkawari a gaban Allah da dattawa." Garau, kamar yana tsugune a wurin. "Jikarka ce. Sunanta Alice Yona Shekwolo, ba zan taɓa harafi ɗaya ba. Na rubuta takardar neman a ajiye ni Minna in an gama layin nan, don ta riƙa kwana kusa da kai. Ranar aurenta kai za a tambaya, ba ni ba. Ni dai roƙona a bar ni in ciyar da ita, kada a raba ta da uwarta saboda ni."

Gwaggo Magdalina ta ja bakin zani ta rufe ido. Edward ya kakkaɓe girarsa, ya dubi gefe.

"To, ba a buge yake ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma Baba, ni da ƙafata na zo."

"Ka faɗi gaskiya," in ji tsohon. Ya juyo ga Liyatu. "Magana ta yi kyau. Amma akwati ba shi da ido da zan kalla, ba shi da hannu da zan kama. Jirgin Asabar yana isowa da azahar. In mutumin nan ya sauko daga cikinsa, ya durƙusa nan ya maimaita, na yafe miki Alice. In bai sauko ba, maganarsa ta mutu a gidan nan, kuma ba na so in sake jin ta." Ya nuna kaset ɗin da sandarsa. "Wannan gefen da ya yi alkawari, kada a taɓa shi. Shaida ce. Gobe in ya canza, da bakinsa zan kama shi. Batir kuma ki dawo mini da su kafin shida."

Liyatu ta koma ɗaki da rakodar a ƙirji, ta zauna a ƙasa.

Jirgin Malam Ndako zai tashi ƙarfe biyar. Saƙon baki ba zai kai ba, domin daga hannun Ndako sai na mai tashar Mokwa, daga nan sai direban motar sansani, kuma maganar da ta bi baki uku ba ta isa da kamanninta. Mai rubutun wasiƙa ba ya fitowa ran Lahadi. Kaset ɗaya ne. Gefen Baba ya zama shaida.

Saura nata.

Kambai ya taɓa nuna mata jan maɓallin, ya ce, "Wannan in kin danna, sabuwar magana tana shiga, tsohuwa tana gogewa. Ba ta dawowa." Ta juya kaset ɗin, ta mayar da zare farko. Gangar waya, ƙosan jifan biri, dariyar, tarin nan guda biyu. In bai samu hutu ba, in bai sauko ran Asabar ba, ko wannan ba za ta tsira da shi ba.

Yatsanta ya tafi kan baƙin maɓalli, na saurare. Sau ɗaya kawai, na ban kwana.

Ta janye shi. Ƙarfin ba nata ba ne.

"Mama, za ki sake sa shi magana?" in ji Alice daga bakin labule.

"A'a. Yau ni zan yi masa. Zo ki zauna, kada ki yi motsi."

Ta rufe ido, ta danna jan maɓallin. Zare ya soma juyawa, yana cin muryarsa a hankali.

"Kambai, ni ce. Na goge ka don in kira ka. Baba ya ce jirgin Asabar. Ka roƙi shugabanka, ka durƙusa masa in ta kama. Ka zo da ƙafarka. Ba ni da sauran muryarka a ɗakin nan, sai wadda za ka kawo."

Alice ta miƙa wuya kusa da akwatin. "Ka fito haka nan, za a ba ka tuwo."

Ƙarfe biyar saura kwata Liyatu ta miƙa wa Malam Ndako ƙunshin ta tagar jirgi. Ta tsaya har hayaƙin ya ɓace ta wajen Zungeru, sannan ta juya gida da batir huɗu ƙulle a bakin zani, don kada tsoho ya rasa labaransa.

Ke 'yar'uwata mai karatu, akwatunan nan suna ta shigowa gidajenmu, kuma gobe waɗanda suka fi su za su zo. Ban ce ki guje su ba. Amma ki sani, duk dannawar da kika yi akwai abin da take ci, kuma ba ya nuna miki sai ranar da kika fi bukata. Kada ki ƙarar da ƙarfinki wajen sake jin maganar jiya. In har kina da ɗiya a gefenki, kada ki ɗora rayuwarta a kan murya, komai daɗinta, sai mai muryar ya sauko daga jirgi kin ga ƙafarsa a ƙofar gida.